Yadda Za Ka Zana Duniyar Teku da Tsibirai Kana Zaune a Zariya

Wani ƙanena da ke Tudun Wada ya kawo mini rubutunsa bayan sallar isha'i, wajen shafi 80, labarin wani yarima da aka kora daga gadon sarauta ya faɗa teku yana neman tsibirai bakwai. Yaƙin ya yi armashi, aljanun ma ba laifi. Sai dai a shafi na 12 yarima ya bar tsibirin farko da hantsi ya isa na biyu da la'asar, a shafi na 40 kuma wannan tafiyar dai ta ci kwana arba'in. Jirgi na kai da kawowa kamar motar haya tsakanin Kwangila da Samaru, da mutum 200 a cikinsa, babu wanda ya taɓa kukan ƙishirwa. Na ce masa, "Auta, daga ina iska ke busowa a duniyar nan taka?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai labari ne."

Labari ne kam, amma mai karatu zai yarda da aljani mai kai bakwai ya ƙi yarda da hanyar da ke miƙewa tana tsukewa yadda marubuci ya ga dama. Teku ya yi mana nisa, fiye da kilomita 600 daga nan, kuma da yawa cikinmu babban ruwan da muka sani shi ne Galma in ya kawo a watan Agusta. Duk da haka abin da ke mulkin teku muna shaƙarsa kullum, wato iska. Kakanninmu fatake kuma sun san rayuwar da ta rataya a kan rijiya ɗaya a tsakiyar daji. Da waɗannan biyu za a iya gina duniya sukutum. Ga yadda na bi da Auta. Kayan aikin su ne kwali fari guda ɗaya, fensir, abin gogewa, da kwalin ashana.

Mataki na 1: Auna duniyar da kwana

Kada ka fara da zana tsibiri. Fara da tsinken ashana. Ka ɗauka tsawon tsinke ɗaya tafiyar yini da dare ce ga jirgi mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa. Irin wannan jirgin, in iska tana bayansa, yakan ci kilomita 150 zuwa 200 a kwana ɗaya, kamar daga nan zuwa Kano ko ɗan gaba. Ayarin jakuna zai yi kusan mako kafin ya ci wannan nisan, shi ya sa duk inda akwai teku kaya masu nauyi ta ruwa suke bi.

Jera tsinkayen daga wannan gefen kwalin zuwa wancan ka ƙirga. In ka sami 14, faɗin duniyarka mako biyu ne ga mai sa'ar iska. In kana son ta fi haka girma, karya tsinken biyu, rabi ya zama kwana ɗaya. Rubuta ma'aunin a kusurwar kwalin da biro, don kada gobe zuciya ta raya maka ka canza shi saboda wani babi.

Mataki na 2: Zana iska kafin ƙasa

A nan aikin yake, kuma a nan Bazazzagi ya fi ƙarfi, ko da bai sani ba. Shekararmu iska biyu ce. Daga wajen Nuwamba hunturu ke saukowa daga arewa maso gabas da ƙura da tsagewar leɓe. Daga bazara kuma iska mai danshi ke tasowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, ta kawo mana damina. Wannan juyin da muke kallo a gona, a tekun Indiya shi ne jadawalin kasuwanci. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar da mutanen Swahili ke kira kaskazi takan turo jiragen Oman da Indiya zuwa Mombasa da Zanzibar. Daga Afrilu kusi ta juyo ta mayar da su gida. Wanda ya makara da mako biyu yana iya zaman watanni a garin mutane. Irin wannan zaman jiran ne ya haifar da auratayya da unguwannin baƙi da harshe mai cike da kalmomin Larabci a wannan gaɓar.

Saboda haka zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko duniyarka ta zama mai iskar da ke juyawa sau biyu a shekara, ko mai iskar da ba ta juyawa. Ta biyun ita ce irin ta tsakiyar Atlantika da Fasifik, inda iska ke busowa daga gabas kusan duk shekara a ɓangarori biyu na ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu arewa da kudu, can gaba kuma wajen ƙasashen sanyi ta koma busowa daga yamma. A irin wannan teku hanyar zuwa daban, hanyar dawowa daban. Matuƙin jirgin ruwa Kolombus a 1492 ya bar tsibiran Kanari iskar gabas na tura shi, ya haye Atlantika cikin kamar mako biyar. Da zai koma sai da ya hau arewa ya nemi iskar yamma. Jiragen Sifaniya da suka yi zirga-zirga tsakanin Meziko da Manila daga 1565 zuwa 1815 sukan yi kamar wata uku a zuwa, dawowa kuwa wata huɗu zuwa shida, a teku ɗaya.

Ɗauki fensir ka ja kibiyoyi a kan farin kwalin. In mai juyawa ka zaɓa, yi kibiyoyin rani da launi ɗaya, na damina da wani. Ƙa'idar da za ka riƙe: tsinke ɗaya da iska a baya kwana ɗaya ne, tsinke ɗaya ana fuskantar iska kwana biyu zuwa uku ne, domin jirgi mai ƙyalle ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai ya yi ta karkata dama da hagu kamar mai hawan tudu da kaya a ka. Ruwan saman teku ma yawanci iska yake bi, don haka itacen da ya faɗa ruwa, ko gawa, ko gorar da aka sa wasiƙa a ciki, inda kibiyarka ta nuna can za su.

Ka bar wani zirin wuri babu kibiya ko ɗaya. Kusa da ikwaita akwai yankin da iska ke mutuwa, jirgi ya tsaya cik kwana da kwanaki, ƙyalle ya yi laƙwas, ruwan sha na raguwa. Marubutanmu sun fi son guguwa, ni kuwa a ganina shirun nan ya fi ta ban tsoro, kuma a cikinsa ne halin kowa ke fitowa fili.

Don ka ga ƙarfin wannan mataki, dubi Madagaska. Tsakaninta da gaɓar Afirka kamar kilomita 400 ne, amma harshen mutanenta ɗan'uwan harsunan Borniyo ne, can Indunusiya, dubban kilomitoci a gabas. Maƙwabcin tsibiri shi ne wanda iska ke kawowa.

Mataki na 3: Kowane tsibiri da uwarsa

Yanzu ka zana ƙasa, amma kada ka watsa tsibirai kamar mai watsa wa kaji tsaba. A duniyarmu tsibirai a jere suke zuwa, ko a layi ko a lanƙwashe kamar baka, saboda abin da ya haife su. Iri uku sun ishe ka.

Na farko shi ne ɗan dutse mai aman wuta. Misali yana kusa da mu: daga Dutsen Kamaru ka miƙa layi kudu maso yamma cikin teku, za ka bi ta Biyoko, Firinsife, Sao Tome da Annobon, duk a jere. Ƙololuwar Biyoko ta haura mita 3,000. A Hawai kuwa wutar tana wuri ɗaya a ƙarƙashi, ɓawon ƙasa ne ke tafiya a kanta sannu a hankali, kamar ka riƙe takarda bisa fitilar aci-balbal kana ja, tana barin tabon ƙuna a jere. Shi ya sa babban tsibirin da ke kan wutar bai kai shekara miliyan 1 ba kuma har yau yana amai, tsibirin Kauai da ke can ƙarshe ya kai kamar miliyan 5, ya zaizaye, kwaruruka sun tsattsaga shi. In ka zana layi irin wannan, sa mai hayaƙi a wannan ƙarshen, tsofaffi masu faɗi da ƙasar noma a wancan. In kana son ganin siffarsa, tsaya daga nesa ka kalli Kufena da safiyar hunturu, yadda yake tasowa shi kaɗai daga cikin hazo. Haka matuƙi ke hango irin wannan tsibiri.

Na biyu shi ne ɗan murjani. Wasu ƙananan halittu ne ke gina shinge mai tauri a kewayen tsibiri, a ruwa mai ɗumi, garau, marar zurfi. Dutsen tsakiya yana nutsewa cikin miliyoyin shekaru, su kuma suna ta ɗora gini sama don su kasance kusa da hasken rana. Daga ƙarshe dutse ya ɓace, a bar zobe kamar gammo, da tafki a tsakiya. Masanin kimiyya Charles Darwin ne ya bayyana haka a 1842. Tsibiran Maldif irin wannan ne, kusan 1,200, kuma yawancin ƙasarsu ba ta fi tsayin mutum ba daga fuskar teku. Wurinsu a taswirarka shi ne bayan tsofaffin duwatsu, a ƙarshen layi, kuma a yankin zafi kaɗai.

Na uku ɓallin babbar ƙasa ne, irin Madagaska ko Ingila. Shi ke da manyan koguna da dazuzzuka da ma'adinai. Ɗaya ko biyu sun isa.

Amfanin wannan rabo zai fito ran da za ka ba jaruminka takobi. Tsibirin murjani ba shi da tama, ba shi ma da dutsen kirki na wasa wuƙa. Mutanen tsakiyar Fasifik sun ratsa teku mafi girma a duniya ba su da ƙarfe, da dutse da ƙashi da ɓawon kifi suka yi aiki. In an ga takobi a hannun ɗan gammo, to wani ya kawo shi daga nesa, kuma an biya shi da wani abu.

Mataki na 4: Ruwan sama da ruwan sha

Koma kan kibiyoyinka. Duk tsibiri mai tsayi, gefen da iska ke bugawa shi ke shan ruwa. Iska mai danshi in ta ci karo da dutse sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da kayanta, ta gangara ɗaya gefen a bushe. Zariya na samun ruwan sama kamar milimita 1,000 a shekara. Kudancin Biyoko, da ke fuskantar wannan iskar da ke kawo mana damina, yana samun kusan 10,000, alhali Malabo da ke arewacin tsibirin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. A babban tsibirin Hawai garin Hilo na samun fiye da 3,000, wani yanki a bayan dutsen bai kai 300 ba. Tsibiri ɗaya ke nan, kurmi a gaba, fako a baya. Shafa kore a gefen iska, ruwan ƙasa a ɗaya gefen, sai ga ka da al'umma biyu: masu doya da ayaba, da masu awaki da gishiri. Rigimarsu da cinikinsu sun riga sun ba ka babi uku.

Kogi daga tudu yake gangarowa, ƙanana su haɗu su zama babba, yadda Kubanni ke zuba a Galma, Galma a kogin Kaduna, shi kuma a Neja. Ba ya rabuwa biyu sai dab da bakin teku, kuma ba ya ratsa tsibiri daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wannan kuskuren na gan shi a taswirar Auta har sau biyu.

Tsibirin murjani ba shi da kogi sam. Ruwan sama ne ke nutsewa cikin rairayi ya zauna a kan ruwan gishiri, domin ya fi shi rashin nauyi. Lissafin masana shi ne, duk mita 1 da ruwan daɗi ya ɗaga sama da fuskar teku, akwai kamar mita 40 nasa a ƙasa. Rijiyar wurin gajera ce, kuma in aka matsa mata da ɗiba ko aka yi fari sai ta koma zartsi. Mai son cin irin wannan tsibiri da yaƙi ba ya bukatar kibiya, ya sauke dakaru 500 su sha ruwa wata ɗaya.

Ruwan teku kuwa akwai gishiri kamar giram 35 a kowace lita, mai shan sa ƙishirwa yake ƙara wa kansa. To yi lissafin ɗan garuwa. Mutum 30, lita 3 kowanne a rana, tafiyar kwana 20, lita 1,800 ke nan, jarka 72 mai cin lita 25. Mutum 200 na Auta jarka 480 suke bukata, ban da na girki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duba taswirarka: duk inda tazara ta fi ƙarfin randunan jirgi, ko ka sa ɗan tsibiri mai maɓuɓɓuga a tsakani, ko ka yarda cewa ba a bin wannan hanyar sai an shirya mutuwa. Ɗan tsibirin nan, ko da dutse ne tsirara, sarakuna za su yi yaƙi a kansa. In tafiya ta wuce wata biyu babu ɗanyen ganye ko lemo, dasashi zai kumbura, haƙora su fara girgiɗi, tsohon rauni ya buɗe.

Mataki na 5: Inda jirgi zai kwana

Birnin teku yana tsayawa ne inda abu uku suka haɗu: lungun gaɓa da ke kare jirgi daga iska, zurfin da zai ɗauke shi, da ruwan sha. Yawanci wannan yana gefen da iska ba ta bugawa. Ga wata dabara: murjani ba ya rayuwa inda ruwan kogi mai laka ke zuba, don haka shingen da ya kewaye tsibiri yakan bar giɓi daidai bakin kogi. Giɓin nan shi ne ƙofar gari. Mu da muka tashi cikin ganuwa mun san ma'anar Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, mun san mai tsaron ƙofa ba ya kwana da yunwa.

Haka mashigi yake, wato ƙunƙuntar ruwa tsakanin ƙasa biyu. Malaka, birni a Malesiya ta yau, ta yi arziki a ƙarni na 15 domin tana bakin mashigin da jiragen Sin da na Indiya ke bi, kuma a nan suke jiran iska ta juya. Saboda wannan ne Turawan Fotugal suka ci ta a 1511. Sa mashigi ɗaya a duniyarka, ka ɗora masa sarki mai karɓar kuɗin fito.

Sai cika da janyewar teku. Sau biyu a kwana ruwa ke hawa gaɓa ya koma, kuma kullum lokacin na jinkirta da kamar minti 50, domin wata ne ke jan sa. Ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Mu masu lissafin watan Musulunci wannan kyauta ce: matuƙinka in ya san kwanan wata ya san ruwa. A wasu wurare bambancin bai kai mita 1 ba, a gaɓar Fandi ta Kanada yakan kai mita 16. Kana iya yin tsibirin da ake shiga da ƙafa in ruwa ya janye, ruwa ya rufe hanyar bayan sa'o'i kaɗan. In kuma ka ce duniyarka wata biyu gare ta, to ka ɗauko wa kanka lissafi, ni ba ruwana.

Mataki na 6: Me kowa ke da shi, me ya rasa

A gefen kowane tsibiri rubuta abu biyu kacal: abin da yake da shi fiye da bukatarsa, da abin da zai mutu in bai samu ba. Daga nan ja layin ciniki, kana bin kibiyoyin iska.

Kada ka raina ƙaramin tsibiri. Har yau muna cewa wuri na gugar wuri, kuma kakanninmu a kasuwar Zazzau da wuri suke saye da sayarwa, zambar dubu ce, keso dubu 20. Mafi yawan wurin nan na asali daga Maldif ya fito. Mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su manne, a kwaso a shanya har naman ya ruɓe a bar ɓawon. Ibn Battuta ya zauna can wajen 1343 har ya yi alƙalanci, ya ga suna musayar wuri da shinkafar Bengal, daga baya kuma ya tarar ana kashe shi a Mali da Gawo. Tsibiran da ba su da ƙarfe ba su da kogi, su ne suka zama gidan buga kuɗin ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba. A ƙarni na 19 kuma aka riƙa jibgo wani irin wuri daga gaɓar Zanzibar, har darajar kuɗin ta zube. Wannan kaɗai littafi ne: wani ya gano sabon tsibirin kuɗi, taskar sarki ta zama tarin ɓawo.

Kanumfarin da ake sa mana a kunu da zoɓo asalinsa wasu 'yan tsibirai ne a Maluku ta Indunusiya. Gyaɗar ƙamshi kuma daga tsibiran Banda, kuma a 1667 Ingila ta sallama wa Holan ɗan tsibirin Run, mai tsawon kilomita 3 kacal, ita kuma ta riƙe Manhattan, inda tsakiyar birnin New York yake a yau. Ka ba kowane tsibiri abu ɗaya da babu shi ko'ina.

Dabbobi ma haka. Tsibirin da ke nesa, wanda bai taɓa haɗuwa da babbar ƙasa ba, sai abin da ya iya tashi ko iyo ko ya maƙale a kan itace ke isa gare shi. Ba za a sami zaki ko doki a can ba sai in jirgi ya kai. Abin da ake samu tsuntsaye ne da suka manta tashi da manyan kunkuru. A Morishiyos an yi wani tsuntsu da Turawa suka kira dodo, sunan da ke ba Bahaushe dariya, domin wannan dodon ko gudun mutum bai iya ba, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 17 ya ƙare ƙaf.

Mataki na 7: Yadda ake gane hanya

Tunda duniya a dunƙule take, nisan da ido ke kaiwa a teku yana da iyaka. Nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka tsayin abu a mita, ka ninka ta da 3.6, ka sami kilomita. Yaron da ya hau sandar jirgi mai mita 16 yana ganin kilomita 14. Dutse mai mita 900 ana hango kansa daga 108, in sama ta yi garau. Tsibirin murjani kuwa, da dogayen kwakwarsa, da ƙyar a gan shi daga 30. Ana iya wuce shi da dare ba a sani ba, ko a farka a kan shingensa.

Matuƙa na da wasu alamun. Gajimare kan tsaya cik a kan tsibiri alhali sauran na tafiya. Wasu tsuntsaye kan fita kamun kifi da safe su koma ƙasa da yamma, mai bin su da magariba zai sami tudu. A 1976 Mau Piailug, mutumin tsibirin Satawal, ya kai jirgi daga Hawai zuwa Tahiti, kamar kilomita 4,000, babu kamfas babu taswira, da taurari da igiyar ruwa kawai. Larabawan tekun Indiya, irin su Ahmad bin Majid na ƙarni na 15, da yatsu suke auna tsayin tauraruwar arewa. Gwada da kanka: fita bayan gari da dare inda babu fitilu, fuskanci arewa, miƙa hannu a dunƙule. A Zariya tauraruwar tana sama da ƙasa da kamar dunƙule ɗaya, domin muna daraja 11 arewa da ikwaita. Kana yin kudu tana sauka, in ka haye ikwaita ta ɓace. Ka yi tunanin matuƙin da tauraruwar da ya dogara da ita tun yana yaro ta nutse masa a ruwa.

Mataki na 8: Sihiri da sunaye

Sai yanzu aljanu za su shigo. Karya ƙa'ida ɗaya, kana sane, sannan ka bi sawunta har ƙarshe. In akwai bokan da ke ɗaure iska a salka ya sayar, to jirgin da ya saya zai iso kasuwa wata uku kafin kowa, masu masaukin da ke ci da zaman jira za su tsane shi, sarkin mashigi zai nemi ko ya mallake shi ko ya kashe shi. In ka karya ƙa'ida goma, babu sauran abin da zai ba mai karatu mamaki.

Suna kuwa shi ne na ƙarshe, ko da yake da shi kowa ke son farawa. Dubi yadda namu suke: Tudun Wada, Sabon Gari, Babban Dodo, kowanne da dalilinsa. Mutanen ruwa da abin da ya kashe su ko ya cece su suke raɗa suna, kamar Babul Mandab a bakin Bahar Maliya, ƙofar kuka. Ka kuma ba muhimman wurare suna biyu, na 'yan gida da na baƙi. Mutanen tsibiran Neja a ƙasar Yawuri mu muke ce musu Gungawa, daga gungu, su kuwa Reshe suke kiran kansu. Na tsibiran tafkin Cadi ana ce musu Buduma, su suna cewa Yedina.

Mataki na 9: Tura jirgi ka gani

Kafin ka rubuta jimla ɗaya, ɗauki ƙwayar wake ta zama jirgi. Zaɓi watan tashi, ka bi hanyar jaruminka tsinke bayan tsinke, kana rubuta kwanaki da ragowar jarkoki a gefe. Duk inda ƙwayar ta maƙale, kada ka goge kibiya don ka cece ta.

Mun yi haka da Auta a tabarmar zaure, har mai shayin ƙofar gida ya tashi. Yarimansa ya isa tsibiri na uku, wanda muka sa wa Gungun Zartsi, a kwana na 19 da jarka huɗu kacal, kuma ya iso ne mako ɗaya bayan iska ta juya. Babu hanyar gaba sai bayan wata biyar. Auta ya kai hannu ga abin gogewa, na riƙe hannun. Ya yi shiru yana kallon kwalin, can ya ce, "To Yaya, me zai ci a wata biyar ɗin?" Yanzu yana babi na tara. Yarima ya sayar da takobinsa, yana kwasar wuri a bakin ruwa ana biyansa da busasshen kifi, kuma mai masaukinsa yana da 'ya.